Ajiyar Bature a Bayan Ƙofar Dulab

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mijina, Abu Samira. 'Yarmu ce ta ƙirga ta faɗa mini, ni kam da an bar ni da kaina zan iya cewa bakwai, zan iya cewa ashirin. Na san abin da masu karatu suka saba ji daga bakin matar da ta yi rashi, wato har yau ciwon ɗanye ne, har yau hawaye bai bushe ba. Da ma haka ne, da na fi samun sauƙin rubutu. Abin da ke gare ni ya fi kama da ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta har ta mutu: yana ganin ta, ya san tasa ce, amma ko an tsikare ta ba ya ji. Haka nake tun ranar da aka kira ni a waya. Ina cin abinci, ina salla, ina zuwa biki da suna, in an yi abin dariya in yi. Ban zo neman tausayi ba. So nake in ajiye labarinsa a wani wuri tun ina iya tuna shi daki-daki.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Kurayyat. Kakana ya taso da ƙafa daga ƙasar Katsina don aikin Hajji, bai koma ba. Mun tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a titi, kuma cikin Hausar da muka gada akwai kalmomin da ba mu taɓa ganin abin da suke nufi ba. Damina, kaka, bazara, huɗa, rumbu. Ummi, mahaifiyata, takan ce da kaka aka haife ni, alhali ita ma ba ta taɓa ganin an yanke gero ba. Nufinta zafi ya ɗan sassauta. Jidda yanayi biyu ta sani, zafi da kuma zafi mai ɗan kunya. Ruwan sama kuwa in ya zo ba murna yake kawo mana ba, sai dai a kwashe tabarmi, a toshe bakin ƙofa da tsummoki, a yi ta addu'a kada ya shigo ɗaki.

Shi kuma ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Tasawa, a Nijar. Ya zo Umra yana saurayi da niyyar ya yi cin rani ɗaya ya koma gona. Sai ya sami aiki a wani shagon yankan gilashi da haɗa firam a unguwar Bagdadiyya, mai shagon ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa kan takardar zama, ranin ɗaya ya yi ta haihuwa. A shagon na fara ganin sa. Na raka Ummi ne ta kai takardar shaidar makarantar yayana a sa mata firam. Muna tsaye yana aune-aune, ta dube shi ta ce mini da Hausa, a zatonta ba ya ji, “Wannan yaro da ganin sa ba ya ƙoshi.” Bai ɗaga kai ba ya ce, “Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya.” Kunya ta kama Ummi har ta manta jakarta a kan tebur. Ranar Juma'a ta aika masa da tuwo don ta wanke kanta. Daga kwanon tuwon nan hanya ta buɗe. Da maganar aure ta taso ta ja baya, ta ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi za a neme shi a rasa. Yayana ya tsaya masa, aka ɗaura, muka zauna a saman gidanmu, Ummi tana ƙasa.

Ba mu daɗe da aure ba ya shigo da wani zanen hoto, a naɗe cikin takardar siminti. Wani Bature ɗan Italiya, injiniya a tashar jiragen ruwa, shi ya kawo shi shago gilashinsa ya fashe. Da guntun Larabcinsa ya bayyana cewa bugu ne kawai, ba asalin zanen ba, amma a ɗakin girkin mahaifiyarsa yake rataye tun yana yaro. Aka gyara, aka jira shi, bai dawo ba. Daga baya aka ji rashin lafiya ta sa an mai da shi ƙasarsu. A wancan zamani hoton mace da namiji a bangon shago fitina ne, 'yan hisba masu zagayen kasuwa ba za su wuce shi ba. Mai shagon ya ce a fitar masa da shi, ko a ƙone ko a jefar. Abu Samira ya ce ba a ƙone amana. Tun daga ranar har ya bar duniya bai taɓa cewa zanenmu ba. Ajiyar Bature yake kiran sa, kamar gobe mai shi zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Ummi ta hau sama ta gani, ta ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto, ita kuma ba za ta zauna ƙarƙashin ɗakin da mala'iku suka ƙaurace wa ba. Bai yi musu da ita ba, bai taɓa yi ba. Akwai wani babban dulab, wato kabad ɗin tufafi, da shi da kansa ya harhaɗa a cikin ɗakinmu. Sai ya ɗaure zanen da ƙusoshi a bayan ƙofarsa ta ciki. In an rufe, babu hoto a ɗakin. In an buɗe don ɗaukar riga, ga shi nan. Ummi ta sani, ta yi kamar ba ta sani ba. Sau ɗaya na shigo na tarar da ita tsaye gaban dulab ɗin a buɗe, ta ƙura masa ido. Da ta ji motsina sai ta rufe ta ce, “Ita wannan yarinya ba ta da uwa ne, da za a bar ta da namiji a daji?”

Bari in faɗa muku abin da ke ciki, don na fi sanin sa fiye da fuskokin wasu 'yan'uwana. Saurayi ne da budurwa a gefen wata gajeriyar katangar duwatsu. Ita tana rungume da damin ciyawa, shi yana da sanda da jaka a kafaɗa, ƙafarsa ɗaya a kan hanya. A bayansu wata bishiya ta yi fure fari fat, ko ganye ɗaya babu. Can nesa duwatsu ne da sauran ƙanƙara a kansu, da wata tsohuwa ƙarama ƙwarai ta goyo itace tana gangarowa. Ba sa taɓa juna, ba sa ma kallon juna, dukansu ƙasa suke kallo. Mai zanen bai yi musu ado ba. Ƙafafun yarinyar duk laka har idon sawu, wandon saurayin da faci a gwiwa, bayan hannunsa ya faffashe. Wannan ne abin da ya kama zuciyar mijina. Yakan ce duk wanda ya zana lakar nan ya taɓa taka irinta, don laka kala biyu ce, ta saman da ta fara bushewa da ta ƙasan da ke da sauran ruwa, kuma ga su nan duka biyun.

A gaban ƙofar nan ya koya mini shekara. Da safe in ya zo ɗaukar rigar aiki yakan tsaya ya nuna mini da yatsa. Ya ce sanyinsu ne ke ƙarewa, ƙasa ta sha ruwa amma ba a yi shuka ba tukuna, lokacin da manomi ba ya iya zama wuri ɗaya. Daga nan sai ya tsallaka daga Italiya ya faɗa ƙasar Tasawa. Ya ba ni labarin ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, da yadda gero ke fitowa kamar allurai, da yadda ƙauye ke yin shiru da rana tsaka don kowa yana gona, da kaka in ta yi yadda ko maraya ke ƙiba. Ni da ban san komai ba sai kwalta da teku nakan saurara kamar tatsuniya. In an yi ruwa a Jidda, muna fama da tsummoki shi yana saman rufi ya buɗe hanci. Ya sauko a jiƙe ya ce ruwan nan ba shi da ƙamshi, don bai sami ƙasar da zai gaisa da ita ba.

Gardama ɗaya muka yi ta yi a kan zanen, fiye da shekara ashirin, ba wanda ya ja baya. Shi ya ce saurayin dawowa ya yi daga cin rani, ya iso kafin shuka, kunya ce ta sa suke kallon ƙasa. Ni na ce tafiya zai yi, sallama suke yi, abin da ke bakinsu ya fi ƙarfin faɗa. Kowa da abin da idonsa ya saba gani. A ƙauyensu mai jaka a kafaɗa in ƙasa ta jiƙa gida ya nufa. Mu 'yan Jidda kuwa mun tashi muna ganin alhazai da 'yan aiki da waɗanda takarda ta ƙare musu, duk mai jaka a wurinmu tafiya zai yi. Yakan yi dariya ya ce, “'Yar Jidda, ke ba ki san dawowa ba.” Da sunan da yake kira na ke nan. Samira ta tashi tana jin wannan gardama har ta ɗauka wani irin gaisuwa ce tsakanin iyaye.

A duk tsawon zamanmu sau biyu kacal ya je gida, kuma duka biyun da rani, don lokacin ne shago ke iya sakin sa. Shekarar da ya rasu aka aiko cewa tsohuwarsa ta tsufa ƙwarai, tana cigiyar sa. Ya ce wannan karon damina zai yi. Mun shirya mu tafi tare, sai ya zamana iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana wajen sabuntawa, ba yadda zan fita in dawo. Ya ce ba komai, shi zai yi gaba ya yi shuka, ni in biyo shi in gero ya nuna, in ga kaka da idona in daina jin ta a bakin mutane. Muka raka shi filin jirgi ni da Samira. Bai yi wata magana ta musamman ba. Ya tuna mata ta kira mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin Ummi, don ya fara ɗigar da ruwa.

Yakan kira in ya shiga gari, don ƙauyen ba ya samun waya sosai. Muryarsa ta koma ta saurayi. An yi ruwan shuka, an yi noman farko, tsohuwa ta gane shi. Kiran ƙarshe ya ce yana ɗan jin masassara, amma ta maraba ce, ƙasa ce ke gaishe shi. Ba mu san cewa jikin da ya yi shekaru masu yawa ba tare da sauron can ba ya manta yadda ake faɗa da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka ake cewa, amma ban taɓa zaton har jini maganar ta shafa ba.

Ina guga bayan la'asar wayar ta shigo. Kayan da zan tafi da su nake gogewa, don iƙamar ta fito. Ƙanensa Sani ne. Ya yi sallama ya ce, “Hajiya, sai haƙuri. Yaya ya riga mu.” Ya ce tun da safe aka rufe shi, sai yanzu ya samu ya iso inda waya ke kamawa. Na ce, “To.” Na yi innalillahi kamar yadda ake yi. Na ajiye wayar, na duba na ga dutsen gugar da sauran zafi, rigar kuma rabi ta gogu, sai na ƙarasa ta. Na naɗe, na sa a akwati, sannan na sauka na gaya wa Ummi.

Aka jera kujeru a layinmu, aka rataya fitilu, aka yi ta zagayawa da gahawa kamar yadda ake zaman makoki a nan. Mata suka cika gidan, kowacce tana satar kallon fuskata. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to tawa ba ta ba kowa labarin komai ba. Wasu suka ce tawakkali ne, suka yaba. Wasu na ji suna raɗa cewa da ma auren baƙo haka yake, ba ya shiga jiki. Ummi ta ja ni gefe ta ce, “Ki yi kuka, 'yar nan, ko don mutane.” Na shiga ɗaki na zauna na nema, ban samu ba. Na yi takaba a ɗakin nan, kullum in buɗe dulab in ɗauki kaya, ga rigunansa a rataye, ga zanen. In duba shi in ga takarda da launi. Bayan 'yan shekaru Ummi ta rasu a hannuna, ni na wanke ta, na yi kuka har muryata ta dushe. A nan na gane ba hawayen ne suka ƙafe ba. Gani ya kori ji. Ita na ga ta tafi. Shi kuwa an dai faɗa mini, kuma wani sashe na jikina har yau bai karɓi saƙon ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Jiddar yau. Samira yanzu ita ke tuƙa mota ta kai ni asibiti. Na san zai zauna gaba ya riƙe kujera da hannu biyu, yana ta salati, sannan in sun iso ya ba duk wanda ya gani labari da alfahari. Shagon Bagdadiyya ya zama wurin shan gahawa, samari da 'yan mata a tebur ɗaya ba mai waiwayen su. Kwanan baya ta kai ni wani baje kolin zane a tsohon gari. Hotunan mutane ne a bango, maza da mata, manya-manya, an haska su da fitila, jama'a na wucewa suna ɗauka a waya. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya ɓoye ɗan bugu guda a bayan ƙofa saboda tsoron fitina da kunyar suruka. Ba na jin zai yi takaici. Abin da zai fara yi shi ne ya wuce zanen ya je kusurwar firam ɗin ya sa ido, ya ga ko mahaɗar ta zauna, ya girgiza kai ya ce aikin inji ne.

Kurayyat kuwa da zai nema ba zai same ta ba. Shekarun baya aka zo aka rubuta kalmar tashi da jan fenti a bangon gidanmu da na maƙwabta. Mutanen da muka yi zaman shekara hamsin tare suka watse, wasu gabas, wasu arewa, wasu suka koma ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Dulab ɗin ya ƙi fita. A cikin ɗakin aka haɗa shi, matattakalar ba ta ɗaukar sa, masu kwasar kaya kuma suna ta “yalla, yalla”. Samira ta samo abin kwance ƙusa ta cire zanen, muka bar sauran. Bayan an gama rushewa na ce ta bi da ni ta wurin. Fili ne fetal, sai wani masallaci shi kaɗai a tsaye. Na kasa nuna inda ƙofarmu take. Ana cewa gida biyu maganin gobara. Shi yana da biyu, ɗaya ya ci shi, ɗaya ya baje. Amma na san shi, da yana cikin motar nan sai ya ce a tsaya, ya fita ya duƙa ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce ashe duk zaman nan a kan gona muke.

Yanzu muna wani bene a arewacin gari, ni da Samira da mijinta. Ta rataye zanen a falo, inda kowa zai gani. Ban hana ba, sai dai a fili ya yi mini ƙanƙanta, launinsa kuma ya koɗe fiye da yadda na sani. Wata rana ta ɗauki hotonsa da waya ta yi 'yan latse-latse, sai ta zo ta zauna kusa da ni. Ita da Larabci take yi mini magana, ni in amsa da Hausa, haka muka saba. Ta ce ta samo asalinsa, yana rataye a wani gidan ajiye zane a Italiya. An zana shi tun ƙarni na goma sha tara, mai shi yana cikin waɗanda suka bar zana sarakuna da mala'iku suka fita ƙauye suna zana manoma yadda Allah Ya yi su, da lakarsu da facinsu. Ta ce in ina so za ta kai ni in gan shi, ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Sannan ta ce, “Mama, har sunan zanen ga shi nan. Kuma sunan ya nuna ko tafiya zai yi ko dawo...” Na ce ta bar shi. Ta ce, “Ba kya son ki san wa ya yi gaskiya, ke ko Baba?” Na ce gardamar mutum biyu ce, ba a yanke hukunci ɗaya ba ya nan. Ta dube ni, ta ce halas, shi ke nan, ta kife wayar. Ita ta sani, kuma ta riƙe bakinta har yau. Wannan halin nasa ne.

Da azumin bana Sani ya zo Umra, ya biyo ta wurinmu bayan salla. Ban taɓa ganin sa ba sai a hoto. Ya tsufa, kunnuwansa da yadda yake gyaran murya duk na yayansa ne. Shi ne mutum na farko da na zauna da shi wanda ya ga abin da idonsa, ya yi masa wanka, ya sa shi a kabari. Ya ba ni labari a hankali, ni ina zuba shayi. Ya ce Yaya ya karɓi wani ɗan yanki a gonar gado ya ce shi kaɗai zai nome shi, hannunsa ya yi kanta ya fashe, yara suna yi masa dariya suna ce masa Balarabe. Ya ce geron ya yi kyau, sun yanke shi bayan rasuwar, tsohuwa ta ci tuwonsa kafin ita ma ta bi. Sai ya juya kofi a hannu. Ya ce akwai wata magana da bai taɓa faɗa mini a waya ba, don ya ɗauke ta zafin ciwo ne, kuma ya ga ba ta kai a faɗa wa mai takaba ba. Ranar ƙarshe, ana ruwa, Yaya ya buɗe ido ya ce, “Ku gaya wa 'yar Jidda ta taho da takalman roba. Nata na can ba za su yi ba, akwai laka.” Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada da aka laƙƙana masa.

Samira ta tashi ta shige ciki da sauri, na ji ta rufe ƙofa. Ni na tambayi Sani ko in ƙara masa sukari. Bayan ya sha na tambaye shi ko kabarin yana nan. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, “Hajiya, wajen dai na sani. Amma damina goma sha biyu ta bi ta kai, ƙasa ta koma ɗaya.” Ya ce duk da haka in zo, ɗakina yana nan, dangi suna son su ga matar da ta riƙe musu Yaya. Ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba. Makon da ya wuce na ga Samira ta ɗauki fasfona daga aljihun tebur za ta kai sabuntawa, na kau da kai ban hana ta ba. Iyakar inda na kai ke nan.

To me ya rage na mutum bayan shekara goma sha biyu? Bai bar gida ba, bai bar shago ba, ko kabarin da za a nuna babu. Firam ɗin da ya haɗa suna nan warwatse a gidajen mutane, sun kewaye ayoyi da takardun shaida da hotunan iyayen wasu, ba wanda ya san hannun da ya yi su, kuma haka aikin yake, in ya yi kyau ba a ganin sa. Ya bar 'ya mai riƙe amana. Ya bar matan maƙwabta a unguwanni daban-daban da har yau in mun haɗu sukan ce bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Na auna waɗannan duka, na ga suna da nauyi, ko da yake ni ba na jin nauyin a ƙirjina yadda ya kamata.

Akwai kuma wannan rubutun da kuke karantawa. Ni makarantar Larabci na yi, daga dama nake fara layi. Shi ya koya mini rubuta Hausa da boko, a kan guntayen kwali da yake kwasowa daga shago, da fensirin da yake sa wa katako alama. 'Yan shekaru ya yi a makarantar Faransanci a ƙauyensu, don haka irin nasu ya koya mini, inda ake sa haruffa uku a wurin da ɗaya ya isa. Na daɗe ina rubuta tchiwo da toumatir kafin in gane mutanen Kano ba haka suke yi ba, har yau kuma hannuna yakan zame, edita ya bi ya gyara.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba. Kafin haihuwa Malam nake ce masa, bayan haihuwa Abu Samira, ko a gaban likita sai dai in miƙa takarda a karanta. Yau na ga idan ban rubuta shi ba babu inda zai kasance a rubuce, ba a dutse ba, ba a ƙofa ba. Zan sa shi yadda shi yake sa shi da hannunsa, ina kuma roƙon edita, duk abin da zai gyara a shafin nan, ya bar mini wannan kalma ɗaya yadda take.

Allah Ya jiƙan Laouali. Ruwan da ke sauka a kan wurin da ban sani ba, Allah Ya sa ya zame masa rahama.